Abin da Rijiya Ta Ɗauke a Kan Baba Mati

Haƙan rijiya wahala ce tsagwaronta, ba ni da wani suna da zan ba ta. Baya ya mutu, gwiwa ta mutu, ido ya saba da duhu har hasken rana ya riƙa yi maka ciwo. Ku yaran yanzu kuna ganin mota ta zo da dogon ƙarfe ta yi ta gurnani, kafin a jima ruwa ya yi tsiri sama, sai ku ce ai mu ma rami kawai muka tona, gafiya ma tana tonawa. To, gafiya ba ta sauka gaba goma sha a cikin ƙasa ta bar ranta a hannun wani.

Sunana Sale, mutumin Ba'awa ne ni, ta ƙasar Kiru. Ranar da mahaifina ya kai ni Ɗansoshiya wurin Baba Mati mai haƙan rijiya, cewa ya yi, "Ga shi nan, allo ya gagare shi, ko diga za ta iya da shi." Baba Mati bai dubi fuskata ba. Tafin hannuna ya buɗe ya murza kamar mai taya akuya, ya ce, "Hannun amarya. Za mu gyara shi." Na daɗe a bakin rami ina jan igiya kafin ya yarda ƙafata ta taka ciki. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Wanda bai iya jan mutum ba, kada ya sa rai a ja shi."

Kayan aikinmu jaki ɗaya yake ɗaukarsu. Diga mai gajeriyar ƙota, don a cikin rami babu wurin ɗaga hannu. Dagi na sassaƙe gefe, da guduma, da shebur da aka datse wa ƙota, da gugan fata na fitar da ƙasa. Gwafa biyu ake kafawa a baki, a gitta musu gungumen marke, igiya ta riƙa bi ta kai har ta ci wa kanta hanya. Igiyar rama mai kauri ita ce ta mutum, ita ce kuma ta guga: ka sauka da ita a ƙugu, ka kwance, a jawo a ɗaura wa guga. Sai fitilar aci-balbal, da siririyar igiyarta daban.

Akwai wata rijiya da muka yi wa wani mai sayar da goro a Bebeji. Mutumin nan ya riga ya zana wurin da yake so da toka, dab da ƙofar madafa, don kada iyalinsa su sha tafiya. Baba Mati ya zaga gidan, ya leƙa bayan danga, ya dawo ya ce, "Alhaji, wancan ɗan ɗakin na mene ne?" Ya ce masai ne. "To, abin da ka ajiye can da safe, da shi za a dama maka koko nan da damina biyu. In kana so, bismilla. Sale, kawo diga." Alhaji ya yi tsaki ya share tokar da ƙafarsa. Masu rijiya duk haka suke. Tun ba ka kai ƙugu ba za su tsaya a kanka suna tare maka haske, "An kusa?" Baba Mati yakan amsa daga ƙasa, "An kusa, Alhaji, saura ruwan kawai."

Shi ba ya zaɓen wuri da gaggawa. Da sassafe yake fita, kafin rana ta shanye raɓa. Ya duba inda ɓaure ya yi lif, inda gawo ya tsaya, inda gara ta gina suri mai tsawo, don gara ba ta gini da busasshiyar ƙasa, jiƙaƙƙiya take ɗebowa daga can ƙasa. Ya ɓantari surin ya sa a harshe. Ya tsuguna ya yi shiru har ka zaci gyangyaɗi yake. Sannan ya kafa dagi, ya ɗaura igiya, ya zaga da tsinke ya fitar da bakin rijiya. Kuma duk wadda ya taɓa haƙa tana cikin kansa: ta gidan wane jar ƙasa ce, sai marmara, sai yumɓu, ruwanta da ɗan zartsi. Ƙasar Kiru har Doguwa a kansa take, hawa-hawa.

A wani ƙauye wajen Doguwa na fara ganin yadda ake yi wa dutse wuta. Mun ɗan yi nisa sai diga ta yi ƙara, tartsatsi ya tashi a bakinta. Dutse ne shimfiɗe, bango zuwa bango. Baba Mati ya sa aka tara itace da kara da busasshen kashin shanu, aka jera a kansa, aka cinna, muka fito. Wuta ta wuni tana ci. Da dutsen ya yi jawur aka sheƙa masa ruwa daga sama. Kun taɓa jin dutse yana kuka? Tas, tas, kamar ana fasa gyaɗa a cikin cikin ƙasa. Bayan nan guduma kaɗan za ka sa, ya riƙa ɓarewa kamar albasa.

Amma wuta ba itace kaɗai take ci ba. Tana cinye iskar da ke ramin, ta bar wata a madadinta, mai nauyi, wadda ido ba ya gani, wadda kuma ba ta hawowa da kanta. Hayaƙi zai fita, ka leƙa ka ga rami tas, ashe mutuwa ce kwance a gindi kamar ruwa a kwano. Shi ya sa ake ɗaure rassa masu ganye a riƙa zurawa ana jawowa, don a motsa ta. Sannan a zura fitila. In harshenta ya tsaya, a sauka. In ya yi ƙasa-ƙasa ya mutu, a koma fifita. Abin da ya kashe fitila zai kashe ka. Dokar ke nan, kuma Baba Mati bai taɓa ƙetare ta ba.

Sai shekarun fari suka zo, lokacin da ake gina dam ɗin Tiga. Damina ta yi rowa, ta sake yi. Rijiyoyin da kakanni suka sha suka ƙafe, muna yawon yasa muna ƙara musu zurfi, ruwa yana gudu ƙasa muna binsa. A lokacin ne aka tashi garuruwan da ruwan dam zai ci, aka zube su a kan tudu. Wani mai unguwa daga cikinsu ya aiko mana. Mutanen da suka tashi a bakin kogi, waɗanda ba su taɓa sanin ana auna ruwa ba, ga su a kan tsandauri tsakanin Bebeji da Tudun Wada, matansu suna fita tun asuba da tuluna su dawo rana tsaka. An riga an fara musu rijiya a tsakiyar sabuwar unguwar, masu haƙan suka tarar da dutse suka gudu. Baba Mati ya leƙa ya ce, "Ba ni na zaɓi wurin nan ba, kuma da ni ne da ban zaɓa ba."

Mai unguwa ya ce, "Malam Mati, an riga an yi nisa. Ka dubi yaran nan."

Ya duba. Ya ce in sauke jaki.

Lokacin na yi aure, ni ne na biyunsa, muna karɓa-karɓa a ƙasa, samarin unguwar suna jan igiya. Muka fasa dutsen da wuta, muka tarar da wani a ƙarƙashinsa. Muka fasa, muka ci gaba. Rijiyar ta wuce duk wadda muka taɓa yi zurfi, har sai da muka ƙara wa igiyar rama tsawo. Ta fitila kuwa ba wanda ya yi tunaninta. An tufka ta ne a shekarun da ruwa yake kusa, kuma ba ta taɓa gazawa ba. Ranar da abin ya faru, da hantsi, bayan an sake yin wuta an fifita, Baba Mati ya zura fitila har igiyar ta ƙare a hannunsa. Dukkanmu muka leƙa, ga 'yar wuta can ƙasa kamar ƙwayar gero, tana ci. A irin wannan zurfin ido ba ya bambance ko a zaune take ko a rataye. Ashe a rataye take, daidai ƙirjin mutum. Abin da ke ƙasa da ita ba ta gaya mana ba.

Baba Mati ya ce shi zai fara, yana so ya ga yadda dutsen ya tsage. Muka sauke shi. Ya kwance igiya, ya ɗago kai ya yi kira, "Sale! Ya dare kamar kabewa! Turo guga." Muryarsa garau, don a tsaye yake, kansa yana cikin iska mai kyau. Na tura guga. Na hango ya sunkuya zai kwashi ɓaraguzai. Ban ji faɗuwa ba, ban ji tari ba.

"Baba?"

Na ƙara leƙawa, na ɗaga murya.

"Baba Mati! Maigida!"

Samarin suka ja da baya. Wani ya ce, "Mutanen ciki ne," aljanu yake nufi. Wata tsohuwa ta fara salati. Na jawo igiya na ɗaura a ƙugu, na bar mata doguwar wutsiya da zan ɗaure shi da ita, na ce su sauke ni.

Abin da ya same ni a ƙasan nan shi nake jinjinawa har yau. Na tarar da shi a dunƙule kamar mai sujada. Na cika ƙirji da iska na sunkuya, na zura masa wutsiyar igiya ta ƙarƙashin hammata. Mutum ne mai nauyi, numfashi ya ƙwace mini, na shaƙa. Ban da ƙaurin toka ba wani wari. Kunnuwana suka ɗauki ƙara irin ta gyare. Sai na dubi igiyar a hannuna, ban san yadda ake ƙulla ta ba. Ƙullin da nake yi ido rufe, ina hira. Ina ganin hannuwana, na san nawa ne, na san akwai abin da ake yi da igiya, amma hanyar ta ɓace ɓat. Kuma ban ji tsoro ba. Wani daɗi-daɗi na ji, kamar in jingina da bango in ɗan huta. Na sama ne suka ga na yi laƙwas suka fizgo ni.

Da na buɗe ido a waje, wani Bafillace ne tsugune a kaina, Buba, wanda rugarsu take bayan unguwar, shi ne ma yake ba mu kashin shanu. Ya riga ya sa samarin sun koma zura rassa suna fifita ramin. Ya ce, "Kaɗo, ka dawo? Me ya hana ka ɗaure shi?"

Na ce, "Na manta yadda ake yi."

Bai yi dariya ba. Ya sauko da igiyar shanu daga kafaɗarsa, ya yi mata zarge irin na kama bijimi, ya ƙulla ta a wutsiyar tawa, ya danƙa mini. "Tunanin mun gama shi a nan sama. Can ƙasa zurawa kawai za ka yi."

Na koma. Na zura, na ja, na daki igiya. Suka jawo mu tare, ni a sama shi a ƙasa yana lilo, fatar kafaɗata ta rage a bango. Kada ku tambaye ni tsawon lokacin da ya yi a ciki, ba mai agogo a cikinmu. Ya fi alwala, bai kai a dama fura a sha ba.

Aka shimfiɗe shi, leɓɓa sun yi baƙi, ƙirji ba ya motsi. Mai unguwa ya kai hannu zai shafe masa ido yana Innalillahi. Buba ya ture hannun. Ya sa yatsa ya kwaso toka da majina daga bakin, ya miƙe masa wuya, ya rufe bakin da tafi, ya kafa nasa bakin a hancin Baba Mati ya hura. Ƙirji ya taso. Ya danna, ya sake hurawa.

Wani dattijo ya ce, "Kai Bafillace, wannan wane irin abu ne kake yi wa gawa?"

Buba ya ɗago. "Maraƙi in ya faɗo bai yi numfashi ba, haka muke masa. Huhun mutum ya fi na nagge sarauta ne?" Ya koma ya ci gaba da hurawa. Har na fara cewa a raina ya haƙura, sai muka ji wani gurnani kamar an ja busasshiyar fata a kan tsakuwa. Baba Mati ya ja numfashi da kansa. Na ga mutum ya zuba wa mutum rai ta hanci, da izinin Allah, da idona.

Numfashi ya dawo, amma mutum bai dawo ba. Idanu a kafe, jiki yana karkarwa, ya ɗau zafi. Tsofaffin unguwa suka ce aljanun dutse muka ƙona wa gida, a kai shi ɗaki a rufe, a turara masa magani, a lulluɓe shi da bargo. Har an kawo garwashi a kasko. Ba mugunta ba ce, abin da suka sani ke nan, da ban sauka ba da ni ma na kama musu. Na ce, "Baba mai unguwa, ka yi mini aikin gafara. Wuta ce ta kai shi ga wannan hali. Ni na shaƙi abin, ba wanda ya mare ni a ƙasa."

Buba bai tsaya roƙo ba, ƙafa ya sa ya kifar da kaskon. "In aljani ne, ya same shi a inuwa."

Muka kai shi gindin wata tsamiya inda iska take kaɗawa, muka kwantar da shi ta gefe. Buba ya ce a jiƙa masa kai. Da wane ruwa? Matan da suka dawo da tuluna daga tafiyar rabin wuni suka dubi juna. Wata mai goyo ce ta fara sauke nata, ta tsoma tsumma ta miƙo. Sauran suka bi. Ranar nan ba a ɗora tukunya a unguwar ba, a kan Baba Mati ruwan ya ƙare.

Motar 'yan kasuwa ta kai mu Tudun Wada da la'asar. Malamin asibitin, wani siriri mai tabarau, ya gama abin da zai yi masa, sannan ya zaunar da ni ya tambaye ni komai. Ya ce, "Ka ga ƙwaƙwalwa? Duk jikin mutum ita ce ba ta da rumbu. Cinya tana da ajiya, ciki yana da ajiya, ita kuwa hannu baka hannu ƙwarya take. Jini ne yake kai mata iska a kowane bugun zuciya. In aka yanke, kafin ka ce me ta fara lalacewa, kuma inda ya mutu ba ya tsirowa kamar farce."

Ya nuna mini wani dattijo a gadon gefe, baki a karkace, hannu ɗaya a shanye. "Wannan bai shiga rijiya ba, a kan tabarmarsa ciwon ya same shi. Hanyar jini ɗaya ce ta toshe a kansa, kamar a toshe wa kwami ɗaya ruwa a lambu, shi kaɗai ya bushe. Naka kuwa lambun duka aka yanke wa ruwa na ɗan lokaci. Sai mu jira mu ga wace shuka ta jure."

Na ce, "Malam, ba allurar da za ta mayar?"

"Wadda za ta mayar babu. Abin da ake iyawa shi ne a hana ɓarnar ƙaruwa. Ya sami iska, kada jiki ya yi zafi, kada jijjiga ta daɗe. Wanda ya hura masa da waɗanda suka jiƙa shi sun yi rabin aikina. Da kun turara shi, da ba nan kuka kawo shi ba."

Ni da a da in an ce ƙwaƙwalwa, ta kan rago nake tunawa.

Ya farka bayan 'yan kwanaki. Matarsa Iya Hansai tana gefe, da wansa Malam Tanko. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya kira sunan kowa, har jakinsa ya tambaya. Muka yi hamdala. Ya ce, "Sale, me ya kawo mu nan?" Na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah." Iya Hansai ta ba shi kunu ya sha. Ya ajiye ƙwaryar, ya goge baki, ya dube ni.

"Sale, me ya kawo mu nan?"

Haka abin ya zauna. Duk abin da ya shiga kansa kafin ya sunkuya a rijiyar nan yana nan daram. Na bayan nan kuwa, ka zuba ruwa a kwando. Zai lissafa maka ƙasar rijiyar da ya haƙa tun ban zo duniya ba, amma bai san ya ci tuwo yanzu ba. Sallarsa ba kuskure, sai dai in ya idar ya ɗan zauna, ya tashi zai yi alwala, wai bai yi azahar ba. Kai ɗaya, Allah ya raba shi ɗaki-ɗaki, aka ƙone ɗaya aka bar sauran da kayansu.

Da aka mai da shi Ɗansoshiya sai wata masifar ta ɓullo. Kullum da safe zai ɗauki dagi ya fita, a ganinsa aiki yana jiransa. Ya kama hanya, a tsakiya ya manta inda za shi. An taɓa tsinto shi a bayan wani gari, ƙafa duk ƙaya, leɓe ya tsage don ƙishirwa. Iya Hansai ta aika aka kira ni. Ta ce, "Sale, ɗan nan, za su sa wa ubanka ƙarfe. Yayansa ya ce taɓin aljanu ne, za a kai shi gidan mai magani a sa shi a mari har su sake shi. Mutumin da bai zagi kowa ba, bai jefi kowa ba."

Na san irin gidan nan, na taɓa yashe musu rijiya. Na ga yadda ƙarfe yake cin idon sawu.

Na sami Malam Tanko a zaure na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba Tanko, ba hauka ba ne. Malamin asibiti ya ce wuri ne ya lalace a kansa."

"Malamin asibitin zai bi shi daji in ya ɓata? Ƙanina ne, Sale, ba don ƙi nake yi ba. Gara in san inda yake a ɗaure da a tsinto mini gawarsa a kwazazzabo."

Gaskiyarsa kuwa. Na ce, "To ka ba ni shi. Aiki yake nema kullum, in kai shi wurin aikin. Mutanen sabuwar unguwar can har yanzu ba su da ruwa."

"Mutumin da bai san ya karya kumallo ba, shi zai nemo ruwa a shekarar fari?"

"A gwada, Baba."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "A gwada. Amma in ya je ya yi ta zaga daji kamar taɓaɓɓe, ko kuka haƙo busasshiya, ba ka da sauran magana."

Muka koma sabuwar unguwar. Tsohon ramin an rufe shi da ƙaya, ba mai kusantarsa. Da sassafe na fita da Baba Mati, Malam Tanko da mai unguwa suna biye. Ya dubi ƙayar ya ce, "Mai unguwa, ai na gaya maka wurin nan ba shi ba ne." Ya juya ya yi yamma, ya gangara, ya wuce rugar su Buba. Ya tsaya a wani wuri ya wuce, ya tsaya a wani ya wuce. A gindin wani ɓaure ya ɓantari suri ya sa a harshe, ya tsuguna, ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Malam Tanko ya ce mini a hankali, "Ka gani ko? Ya tafi."

Sai Baba Mati ya miƙo hannu bai waiwayo ba. "Sale, dagi."

Rijiyar nan ni na haƙa ta da hannuna, shi yana baki a kan buzu. Tun daga lokacin, fitila sai ta zauna a ƙasa na ji igiya ta saki a hannuna kafin in sauka. Duk gugan da ya fito sai ya damƙi ƙasar ya murza, ya leƙo ya ce, "Marmara ta kusa ƙarewa, sassauta gefen gabas, zai zubo maka." Ko sau ɗaya bai ɓata a daji ba, don inda yake son zuwa, nan yake. Kullum da safe in ya ga ramin sai ya ce, "Wa ya fara mana aiki?" Buba yakan biyo da shanu ya tsaya ya tsokane shi.

"Kaɗo, jiya ka yi mini alkawarin akuya."

"Ƙarya kake, Bafillace. Ko sunana na manta, ban ba Bafillace akuya ba."

"Ka san wanda ya hura maka rai a hanci?"

Sai in ba shi labarin a gajarce. Ya dubi Buba sama da ƙasa ya ce, "Shi ya sa nake jin warin nono." Kullum amsar ke nan, kullum kuma shi ne farkon dariya.

Ba mu gamu da dutse ba. Jar ƙasa, marmara, yumɓu mai tsawon gaske da ya kusa karya mini zuciya, sai wata rana farin yashi ya fito da sanyi-sanyi. Na aika wa Malam Tanko ya zo. Washegarin zuwansa, ana dab da azahar, na kafa dagi na zare, sai ramin dagin ya cika. Na tsaya ina kallo ruwa yana zagaye mini yatsun ƙafa. Na ɗebi na farko a guga, jawur da laka, na tura, sannan aka jawo ni. Mata suna guɗa, yara suna tsalle, mai unguwa ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa.

Baba Mati ya kamfata a tafi ya kurɓa, ya juya a baki ya tofar, ya sake kamfata ya haɗiye. Ya ɗaga kai ya dubi ɓauren, ya dubi surin, ya dubi yadda ƙasa ta gangaro. Ya ce, "Sale, wa ya zaɓi wurin nan? Ko wane ne, ya san ƙasa. A shekara irin wannan! Ina so in gaisa da shi."

Malam Tanko ya matso ya tsuguna a gabansa. "Kai ne, Mati."

"Haba Yaya, kada ka yi mini ba'a a gaban mutane."

"Wallahi kai ne. A gabana ka kafa dagi."

Baba Mati ya buɗe hannuwansa ya daɗe yana kallonsu, laka tana ɗiga. Ya ce, "To, ashe dai na iya."

Malam Tanko ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ja ni gefe. Ya ce, "Maganar mai magani a bar ta. Amma kada ka yarda gari ya waye masa ba rami a gabansa."

Washegari da sassafe na ɗora shi a kan jaki na bi bayansa, muka nufi gindin ɓauren, akwai bakin rijiya da za a ɗaure da itace. A hanya ya tambaye ni ko mun sami ruwa. Ban gaya masa ba. Na bar shi ya je ya ɗanɗana da kansa.